Shiru, Na Danna Ja

Duk wanda ya yi aiki a masaƙarmu ta Challawa ya san Malam Ilu bai taɓa fitowa daga gida da safa biyu a ƙafa ba. Ɗaya a ƙafar hagu, ɗayar kuma a rataye a wuyansa da igiyar takalmi, rikodarsa na ciki. In ka ce masa, "Malam, ku sayi wata safar mana," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ƙafar dama ce ta aiko ka?"

Rikodar ba ta kai tafin hannu ba. Ba kaset a cikinta, sai wani ɗan memori kamar farcen babban yatsa. Wani injiniya Ba'indiye da ya zo haɗa mana injuna ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, saboda Malam Ilu ne babban mai gyaran injunan saƙa a kamfanin. Tun daga ranar muka shiga uku. Kuna tsakiyar hira a rumfar mai shayi, sai ku ga ya zaro ta daga safa, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Shiru, na danna ja." Sai kowa ya yi tsit, ana zaton wani babban abu ne. Ashe jan maɓallin rikoda ya danna, tafasar buta yake ɗauka. Ya je Bompai takanas ya ɗauko jiniyar tashi daga aiki ta wani kamfani, wai ta fi tamu murya. Ranar sunan ɗana kuwa, ana shirin yanka, liman ya riga ya naɗe hannun riga, Malam Ilu ya tsayar da taro gaba ɗaya don ya ɗauki kukan rago. Liman ya ce, "Malam Ilu, rago kuma?" Ya ce, "Ku gobe ma za mu ji ku, Allah gafarta. Shi fa?"

Ni ne Sabo, ga waɗanda ba su gane ni ba, mai na'urar saƙar nan ta jikin bango wadda muke kira Mai Tari. Sunan ya samo asali ne daga yadda take aiki: sai ta yi ta bugu tiryan-tiryan, can sai ta yi wani ɗan ƙyaf kamar tsohuwa ta ƙware, sannan ta ci gaba. Malam Ilu ya gyara komai a jikinta ban da wannan. Ya ce tarinta ne, da shi aka ƙera ta, ba ruwansa da halittar wani.

To a gaban Mai Tari nake waƙa. Ba na yi a gida, ba na yi a biki, ko gaisuwa ni sai an matsa mini. Amma da an kunna injuna, auduga ta shiga kunne, sai bakina ya buɗe. Akwai wadda na ƙaga ta mahaifiyata, na fi shekara ina juya ta, har masu injunan kusa da ni suka iya amshi. 'Yan garinmu da ke aiki tare da mu suka kai labari ƙauye, can bayan Ringim.

Ga inda matsalar take. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, ba ta taɓa yaba mini a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Sai ga ƙanwata Hadiza ta zo Panshekara da saƙo. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce wai an ce wani daga gidan nan yana waƙa a Kano. Ta ce su dai ba su ji ba." Sannan Hadiza ta sassauta murya ta ce idon Inna ya kusa rufewa, kuma ciwon ƙirjin nan ya dawo. Wallahi a rayuwata Inna ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Na rasa inda zan sa kaina. In je gabanta in rera? Ni da ba na iya ɗaga kai in tana wurin? Sai dai a ɗauka a kai mata.

A lokacin Nazifi, ɗan ƙanwar Malam Ilu, ya buɗe situdiyo a ɗakin zauren gidansa a Sharaɗa. Magidanci ne mai hankali, ya iya kwamfuta kamar me. Ya manna katifar soso a bango, ya sayi janareto, samari na ta zuwa yana yi musu kiɗa. Malam Ilu kuwa ya tsani na'urar nan kamar ta kashe masa kaza. Maƙaryaciya yake kiranta. Dalilinsa shi ne wata rana ya ji Nazifi ya ɗauki muryar wani mai tallan katifa da ko kiran sallah ba za a ba shi ba, ya yanka, ya liƙa, ya goge, ya daidaita, har ta fito zaƙwai. Nan take ya rantse a gaban shaidu: "Wallahi ƙafata ba za ta taka ɗakin nan ba." Ku riƙe wannan rantsuwar, za mu dawo kanta.

Da na ce zan je wurin Nazifi, Malam Ilu bai hana ni ba. Cewa ya yi zai raka ni ya ga yadda ake ƙarya. Ya ja benci ya zauna a waje, daidai taga. Nazifi ya sa mini hedifon, ya tsayar da ni gaban makirufo, ya saki kiɗa mai kyau, tsaf-tsaf, ba tangarɗa. Na buɗe baki. Babu. Ɗakin ya yi shiru da yawa, har ina jin haɗiyar yawuna a kunne. Na sake gwadawa, na shiga baiti, sai numfashi ya ƙare mini a tsakiya. Ashe duk shekarun nan a kan tarin Mai Tari nake shaƙar iska ban sani ba. Kiɗan Nazifi kuwa ba ya tari.

Nazifi ya ce, "Kada ka damu, Yaya Sabo. Yi mini layi ɗaya-ɗaya, ni zan haɗa."

Sai murya ta shigo ta taga: "Waƙa ce ko facin taya?"

"Kawu, don Allah ku bar mu mu yi aiki."

"Ni na hana ku? Sabo, ka tambaye shi ko zai iya liƙa maka mahaifiya ma."

Muka wuni. Abin da aka samu, da Nazifi ya kunna mini, kamar wanda ake karanta wa laifinsa a gaban alƙali. Shi kansa Nazifi ya ce gaskiya ba zai bari wannan ta fita da sunan ɗakinsa ba. A hanyar dawowa Malam Ilu sai murmushi yake yi a bayan acaɓa, kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ce, "Gobe za ka ga aikin gaskiya. Inda waƙa take zaune, can ake zuwa a same ta."

An hana shiga da rediyo ko rikoda cikin masaƙa, kuma masu gadi sun san safar wuyan nan sarai. Kashegari sai ga Malam Ilu da safa biyu a ƙafa, karo na farko a tarihi, yana ɗingishi. Mai gadi ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Ƙafar dama ce ba ta saba ba." Haka ya wuce da rikoda a ƙarƙashin diddige.

Ya zo ya tsuguna a gindin Mai Tari kamar mai gyara, ya ɗaga yatsa. Ban ji abin da ya ce ba saboda ƙara, amma kowa ya san shi. Na saki murya, waƙa ta zo kamar ruwan famfo. Ina gamawa ya duba rikoda, ya sha kunu. Batir ya mutu tun baitin farko. Ku da kuka san shi kun san Malam Ilu bai yarda batir na mutuwa ba, cewa yake suma suke yi. Kullum akwai layinsu a kan dakalin ƙofar ɗakinsa suna shan rana, matarsa Goggo Asabe tana korar awaki kada su ture. Na ce, "Malam, don girman Allah ku sayi sabo." Ya ce, "Wannan ɗin bai gama hutawa ba ne." Ni na sayo sabon da kaina, shi kuma ya karɓa yana cewa 'yan zamani ba su da haƙuri.

Muka sake. Wannan karon komai ya tafi daidai. Da aka tashi muka zauna a rumfar mai shayi, jama'a suka kewaye mu, ya danna. Sai Mai Tari ta cika wurin, tiryan-tiryan, ƙyaf, tiryan-tiryan. Muka kasa kunne. Daga farko har ƙarshe babu ni. Can ƙasa-ƙasa akwai wani abu kamar kukan sauro, mai shayi ya ce wataƙila ni ne. Wurin ya kaure da dariya. Malam Ilu ko gezau. Ya girgiza kai cikin jin daɗi ya ce, "Kai, injin nan ya yi ƙoƙari."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Malam, ni injin zan kai wa Inna? Ku goge wannan shirmen mu sake."

Ya mayar da rikoda cikin safa ya ce, "Ba a goge abin da ya faru." Dokarsa ke nan. In memori ya cika, sai ya cire ya jefa a gwangwanin madara ya nemo wani. Mutumin da ba ya sayen batir, amma memori ko nawa ne zai saya.

Ba mu sake ba. Kafin mu shirya, wata safiya muka iso bakin ƙofa muka tarar an garƙame ta da kwaɗo. Kun san yadda shekarun nan suka yi da masaƙun Kano, yau a Bompai, gobe a Sharaɗa, jibi a kanmu. Muka tsaya cirko-cirko da kwanukan abincinmu a hannu. Daga baya aka zo da manyan motoci aka kwashe injuna, har da Mai Tari, aka ce ƙarfe za a narkar. Na koma acaɓa. Bakina ya rufe ruf, ko a wanka ba na yin ɗan guna-guni. Hadiza kuma ta aiko cewa Inna ba ta fita ko tsakar gida, kuma in an ambaci Kano sai ta juya kai bango. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Har na daina bi ta layin su Malam Ilu, don in na gan shi haushi nake ji.

Shi ya zo ya same ni. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Taso." Muka je ɗakinsa, ya zazzage gwangwanin madara a kan tabarma, ya yi ta tono har ya ciro ɗaya. Ya sa, ya kara mini a kunne. Jama'a, Mai Tari ce. Tiryan-tiryan, ƙyaf. Ban san lokacin da na fara ba, sai ji na yi ina rerawa, baiti na bin baiti, numfashi na faɗawa daidai wurinsa. Goggo Asabe ta daina daka a tsakar gida.

Malam Ilu ya ce, "Ka gani? Wa ya ce a goge? Yanzu sai mu ɗauka." Ya fizge rikoda daga kunnena, ya ɗaga yatsa, "Shiru, na danna ja." Da ya danna, Mai Tari ta yi shiru. Ni ma na yi shiru. Ya mayar da ita kunnena, na fara. Ya fizge ya danna, na tsaya. Sai da muka yi ta haka kamar masu wasan yara kafin ya yarda cewa rikodarsa ba ta iya magana da saurare lokaci guda. Ya ajiye ta a gabansa yana kallonta kamar ɗan da ya ba shi kunya a gaban baƙi.

Daga bayan labule Goggo Asabe ta ce, "To ka kai wa Nazifi mana. Tasa ai tana yin biyun."

Ya ce, "Na rantse."

Ta ce, "Kai ka rantse, ita tsohuwar mutane ta rantse za ta jira ka ne?"

Ya tura rikoda cikin safa. Na tashi na tafi, don na san taurin kan Malam Ilu, in ya kafe ko jirgin ƙasa sai dai ya kewaye. Sai ga shi da sassafe a ƙofar gidana, da safa a wuya, ya ce, "Kai ni Sharaɗa."

Da muka isa ya zauna a kan bencin nan na waje, ya naɗe ƙafafunsa a kai, ya ce, "Ku ɗauka." Nazifi ya ce, "Mu ɗauki me, Kawu?" Ya ce, "Ni da bencin. Cewa na yi ƙafata ba za ta taka ba." Haka ni da Nazifi muka ciccibi dattijo da benci muka shigar da shi situdiyo, maƙwabta na leƙe. Ya sa muka juya shi ya ba kwamfuta baya.

Wajen miƙa memorin ne aka sha fama. Nazifi ya miƙo hannu, Malam Ilu ya riƙe gam.

"In ta haɗiye fa?"

"Ba ta haɗiya, Kawu. Kwafa kawai za ta yi."

"In ta gyara mata tarin?"

"Ba zan taɓa tarin ba."

"Kuma ba yanka, ba liƙi, ba goge ko numfashi ɗaya. Muryar kuma tawa ce za ta ɗauka, ba taka ba."

"Na yarda."

Da ƙyar ya saki. A duk duniya a memorin nan kaɗai Mai Tari ta rage, kuma ya ba wa abin da ya fi tsana. Nazifi ya yi aikinsa cikin natsuwa, ya sa ƙarar ta riƙa zagayowa ba yankewa, ya zuba mini ita a hedifon. Ya mayar wa kawunsa memorinsa, shi kuma ya duba gaba da baya kamar za a ga alamar haƙori. Sannan ya miƙo rikoda saitin bakina daga kan bencinsa, ya ɗaga yatsa, "Shiru, na danna ja."

Na rufe ido. Sai ga ni a jikin bangon masaƙa, ƙurar auduga a hanci. Na yi wa Inna waƙarta daga farko har ƙarshe, sau ɗaya, ba tuntuɓe. Da na kai baitin da nake cewa ta yi mini komai ban da kiran sunana, muryata ta ɗan karye, amma na wuce. Ina rufe baki sai muka ji wata irin ƙara kamar an busa ƙaho. Malam Ilu ne yake fyace hanci a hannun riga. Ya ce, "Mura ce. Sanyin ɗakin maƙaryata." Sannan ya kashe rikoda.

Nazifi ya haɗa muryar da Mai Tari a ƙasa-ƙasa, ya juye a kaset, don Inna rediyo mai kaset gare ta. Ya roƙi kawunsa ya bari a cire fyace hancin kawai. Ƙememe ya ƙi. Har Malam Ilu ya bar duniya suna musu a kan wanda ya yi aikin. Shi ya ce kwamfuta dako kawai ta yi. Nazifi ya ce ba don dakon ba da har yanzu suna kan tabarma suna danna ja. Ni dai na san da ɗaya ya rasa, da Inna ba ta ji ni ba.

Na kai kaset ƙauye da kaina. Na ba Hadiza, na koma bakin ƙofar ɗaki na tsuguna, kaina a ƙasa. Inna na kwance, ta rame sosai. Hadiza ta kunna. Muryar Malam Ilu ta fara fitowa, sai injin, sai ni. Inna ba ta motsa ba har aka kai ga fyace hanci. Can sai ta gyara mayafi ta ce wa Hadiza, "Wannan mai cewa a yi shiru, muryarsa da daɗi. An ji tarbiyya a bakinsa. Duk wadda ta haife shi ba ta yi asara ba. Allah ya yi masa albarka." Sannan ta ce, "Mayar da shi farko."

Malam Ilu kalma huɗu ya faɗa a kaset ɗin nan. Na san wanda ake nufi, Hadiza ta sani, Inna ta san mun sani. Na fita bayan rumbu na yi kukana na more.

Da zan dawo ta sa aka kama zabuwa aka ɗaure, ta ce a kai wa mai danna ja. Na kai masa, na faɗa masa duk abin da ta ce. Ya karɓi zabuwa ya jinjina nauyinta ya ce, "Tsohuwar nan ta san waƙa. Kai ma ka ɗan taimaka." Kafin a yanka sai da ya ɗauki kukanta.

Inna ta rasu bayan kaka. Hadiza ta ce kullum da hantsi sai ta sa an ajiye mata rediyo a gefen kai, ta lalubo maɓalli da yatsa, ta ce wa jikoki, "Shiru, na danna ja." Maɓallin rediyon nan baƙi ne, amma ba wanda ya taɓa gaya mata.

Ranar da muka je gaisuwar Malam Ilu, Goggo Asabe ta kira ni gefe ta miƙo mini gwangwanin madara, ta ce ya bar wasiyya a ba ni, in kai wa Nazifi ya kwafe duka, amma kada a goge komai. Sannan ta ce, "Ka san maganar bencin nan? Shi ma ya san wayo ne kawai. Kashegari ya tashi da azumin kaffara, ya ce kada in faɗa maka." Duk shekarun nan ina ba da labarin bencin ana dariya, ban san dattijon nan ya ji yunwa saboda ni ba.

Yanzu in kun bi ta Challawa, masaƙarmu ciyawa ce da tantabaru. Amma in kewa ta dame ku, ku je Sharaɗa wurin Nazifi. Jiniyar Bompai na nan, butar mai shayi na nan, ragon sunan ɗana na nan, Mai Tari na nan da tarinta, da dariyar mutane da yawa da muka riga muka binne.

Malam Ilu, na gode. Ban faɗa muku da kyau ba kuna raye, don na san cewa za ku yi in bari sai kun danna ja. Ya Allah, bawanka Ilu bai taɓa yarda a goge komai ba, amma mu muna roƙonka ka goge masa kurakuransa kaf, kada ka bar ko ɗaya. Ka karɓi addu'ar da Inna ta yi masa, ka haɗa su a Aljanna, ita da shi. Amin.